Rumbun Bahauddeen

Ni direba ne, Lado sunana, kuma ba ni da haƙurin dogon Turanci. Bahauddeen kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa da izinin kakanni nake faɗa, kada wani ya ce na ci naman ɗan'uwa.

Daga mota abin ya faro. Ƙungiyar 'yan asalin Karaye da Rogo mazauna birni suka haɗa hannu suka sayo motar ɗaukar marasa lafiya, fara fat, da gadonta da jiniyarta. Mota ɗaya, masu nema biyu: mu na Tudun Kaya ta Karaye, da mutanen Zoza ta Rogo. Ciyaman ɗin ƙungiyar, Alhaji Maharazu, mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ya tara mu a gindin darbejiyar ƙaramin asibitinmu, ya ce za a yi gwaji na wata uku. Mako ɗaya motar tana wajenmu ina jan ta, mako ɗaya tana Zoza wani Sabi'u yana ja. Kowane ɓangare ya rubuta mutanen da aka ɗauka. Inda aka fi yawan mabuƙata, can motar za ta zauna.

Ni ba sitiyarin ne ya dame ni ba. 'Yata ta fari tana aure a Kargo, wani ɗan ƙauye a tsallaken rafi. Bara naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗoro ta a amalanken shanu, kafin a kai bakin titi ɗan ya koma. Bana ga wani cikin, haihuwarsa kuma sai kamar wata guda bayan an gama gwajin. Daga Tudun Kaya zuwa Kargo minti ashirin ne a hannuna. Daga Zoza kuwa sai an yi awa ɗaya da rabi, in rafi bai kawo ba ke nan. Tsoro nake ji, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Ana shirin tashi daga taron sai Bahauddeen ya miƙe. Aikinsa a asibitin ba da kati ne. Amma ya taɓa yin kwas na kwamfuta na mako uku a Kano, ya dawo da satifiket da tabarau, tun daga nan in ba ka ce masa Injiniya ba sai ya yi kamar bai ji sallamarka ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "mutanen Zoza da me za su rubuta nasu?"

Malama Kubura, nas ɗin Zoza, ta ɗaga wani littafi irin na 'yan firamare, biro a soke a tsakiyarsa.

"Allah sarki," in ji Bahauddeen. "Littafi. Gara ta ci, ruwa ya jiƙa, akuya ta tauna. Mu a Tudun Kaya mun wuce wajen. Rumbun bayanai zan gina a kwamfuta. Kira na shigowa na'ura ta cafke, ta tace, ta tura wa direba adireshi a waya kafin ya gama saka takalmi."

Wani tsoho ya tambaya ko rumbun na gero ne ko na dawa.

"Na ilimi ne, Baba." Ya gyara tabarau ya sake fuskantar ciyaman. "Kuma ina roƙo a rubuta a sa hannu. Ranar hukunci, abin da ke rubuce kaɗai za a duba. Ban da na tuna, ban da na gani da idona. Mun san mutanen Rogo da daɗin baki."

Alhaji Maharazu ya dube shi. "Ka tabbata?"

"Ko a gaban alƙali, ranka ya daɗe."

Aka rubuta. Ya sa hannu da wata ƙatuwar lanƙwasa da ta cinye rabin takardar. Ni ma na tafa masa, Allah ya yafe mini.

Washegari ya kwashe katunan da ke kan teburinsa ya girke laftof, ya shimfiɗa mata ƙyalle mai tsabta, ya kafa dokar kada kowa ya sha shayi kusa da ita. Sannan ya nufi Malama Barira. Ita ce nas ɗinmu, shekara goma sha tara tana karɓar haihuwa a yankin, da tari kawai take gane mutum a waya. Ya karɓe wayar kiran gaggawa daga hannunta, ya ɗauke rajistarta ya kulle a kabad.

"Ka bar ni in riƙa rubutawa a gefe mana, Bahauddeen," ta ce.

"Anti, rubutu biyu rikici ne. Ki huta, zamaninki ya yi aikinsa."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta koma ɗakin awo.

Kiran farko ya shigo ranar Talata da hantsi. Bahauddeen ya buɗe muryar wayar don masu jiran kati su ji yadda ake aikin zamani. Baba Saude ce, matar Malam Sulle manomin gyaɗa, gidansu na bayan tsohuwar rijiya. Sai da suka gaisa tsaf, ta tambayi mahaifiyarsa da damina, sannan ya ce, "Sunan mara lafiya?"

"Maigidan ne. Kunama ce ta harbe shi a gona."

"Sunansa nake tambaya, Inna."

Can ta ce, "Kai ɗan nan ba ka da kunya. Shekara arba'in da biyar ban kama sunan nan ba, sai yau a waya, a gaban jama'a?"

Malama Barira ta leƙo daga ɗakin awo. "Malam Sulle ne, rubuta."

"Anti, na'ura ba ta karɓar jita-jita. Abin da mai kira ya faɗa shi ake shigarwa." Ya sa yatsa ɗaya ya buga Maigida. "To Inna, yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi," in ji Baba Saude. Muna jiyo Malam Sulle ta bayanta yana salati da iyakar ƙarfinsa.

A fom ɗin akwai wurin nuna tsananin ciwo, ja da rawaya da kore. Bahauddeen ya danna kore. Na ce masa, "Kai ba ka jin ihun bawan Allah?"

"Ta ce da sauƙi. Kai kake aure da shi ko ita?"

Na je na ɗauko Malam Sulle, aka yi masa allura, kafin azahar yana gida. Da yamma Bahauddeen ya zaga kasuwa yana ba da labarin yadda kwamfutarsa ta ƙwato dattijo daga bakin kabari.

Akwai wata dabara da ya saka a rumbun wadda ya fi alfahari da ita, wai hana maimaici. In suna ya taɓa shiga, na'ura ba za ta buɗe sabon kati ba, sai ta zaro tsohon da shekarunsa da adireshinsa, ta ɗora sabon ciwon a kai. A birni wataƙila dabara ce. A garin da mace ba ta kama sunan mijinta, kun riga kun hango inda aka dosa. Shi bai hango ba.

Ranar Alhamis wata mata ta kira daga gabas da gari, sa ya soki mijinta a cinya wajen huɗa. "Maigidan ne," ta ce. Bahauddeen ya buga harafi uku, na'ura ta ƙarasa masa sauran, ya yi murmushi kamar ɗansa ne ya fara tafiya. Saƙo ya shigo wayata: gidan bayan tsohuwar rijiya. Na kunna jiniya na taka.

Na tarar da Malam Sulle a kan tabarma a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa.

"Sannu Malam. Ina cinyar?"

"Wace cinya?"

"Wadda sa ya soka."

Ya dubi cinyarsa ta dama, ya dubi ta hagu, ya dube ni. "Lado, ni da ko ɗan akuya ba ni da shi, sa na wa ya soke ni?"

Nan wayata ta yi ƙara, Malama Barira ce. "Kana ina? Juyo maza, gonar da ke gabas da makaranta ce." Kafin in isa sun ɗaure cinyar da rawani sun ɗora mutumin a jaki, jini har kofato. Ya rayu, amma ba don rumbu ba.

Na koma asibiti raina a ɓace. "Kai Injiniyan kati, gidan mai lafiya ka aike ni."

"Kuskuren direba ne," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Na'ura ba ta ƙarya. Sai dai in Malam Sulle ɓoye ciwo yake yi, ka san tsofaffi."

Da makonmu ya sake zagayowa, Baba Saude ta zame a bakin rijiya ta yi targaɗe. Wannan karon Malam Sulle ne ya kira da kansa.

"Sunan mara lafiya, Baba?"

"Iyali ce."

"Shekarunta?"

"Za ta yi sittin da uku."

Aka buɗe wa Iyali kati, aka danna mata kore. Kwana biyu tsakani wani matashi ya kira yana haki, iyalinsa ce ke naƙuda. Malama Barira tana ɗakin haihuwa da wata, ba ta ji kiran ba. Saƙo ya shigo mini: bayan tsohuwar rijiya. Na ɗan yi jim, amma na ce wataƙila jika ce ta zo goyon ciki. Na isa da jiniya, na diro ina cewa a fito da mai naƙuda.

Maƙwabta suka fito, mata suka leƙo ta kan danga. Baba Saude ta ɗingiso da sanda, ƙafa a naɗe da tsumma.

"Wa ke naƙuda?" ta ce.

"An ce iyalin gidan nan."

Sannan kowa ya juya a hankali ya dubi Malam Sulle. Wani maƙwabcinsa, sa'ansa, ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, ashe da sauranka. Allah ya raba lafiya."

Ban tsaya jin amsar ba. Na kira lambar matashin na samo gidan da tambaya, yarinyar ta haihu a cikin mota a daidai ƙofar asibiti.

Daga nan gari ya yanke hukunci cewa akwai abin da gidan Malam Sulle ke ɓoyewa. Motar asibiti ba ta zuwa ƙofar mutum sau huɗu a banza. Aka fara zuwa dubiya, mai kunu da mai fura. Bayan sallar la'asar aka sa shi a addu'a yana tsaye a sahu yana ji. Wani abokinsa ya taso tun daga Unguwar Hajji don ta'aziyya, ya tarar da mamacin yana alwala. Wanda ya daɗe yana son gonarsa ya aiko a gaishe shi da jiki, a kuma ji ko yana da wata magana game da gonar tun da sauran numfashi.

Zuwa na biyar, sai ga Malam Sulle a asibiti da gora a hannu.

"Ina mai aiko mini da motar mutuwa?"

Bahauddeen ya rungume laftof ya koma bayan kabad. "Baba, ba ni ba ne, tsari ne."

"Kira mini tsarin ya fito."

"Baba, abin a cikin na'ura yake."

"To miƙo na'urar."

Da ƙyar muka lallashe shi, ni da masu jiran kati. Ranar muka ƙulla da Malama Barira: duk kiran da ya shigo za ta kasa kunne, ta gane muryar, ta gaya mini gidan a wayata, ni kuma in share saƙon rumbu. Haka muka yi. Aiki ya miƙe, ƙorafi ya tsaya. Bahauddeen ya riƙa gaya wa mutane, "Kun gani? Dama lokaci take buƙata. Yanzu na'ura ta koyi gari."

Sau biyu Malama Barira tana cewa ya bari ta ga abin da ke ciki. Ya ce akwai lambar sirri, kuma sirrin marasa lafiya amana ne. Ni ma da laifina. Na ɗauka adireshi kawai rumbun ke ɓatawa. Na san mutum hamsin da takwas na ɗauka da hannuna, na kuma ji a bakin Sabi'u cewa nasu bai kai haka ba. Har Kargo na je na ce wa surukina ya kwantar da hankalinsa, motar tamu ce, kada ya wahalar da kansa neman wajen da zai kai ta ta zauna kusa da titi.

Ranar hukunci ta faɗo Asabar. Aka taru da safe a wani ɗakin taro na makaranta a Unguwar Hajji, maza a gaba, mata a baya, dagatai a kan kujeru. Bahauddeen ya zo da sabuwar shadda, da majigi, da janareta, da farin zanin gado da ya sa aka kafa a jikin allo. Shi da kansa ya bi gida-gida ya gayyato jama'a, har da Malam Sulle, wai ya zo ya ga abin da ya ceci ransa.

Malama Kubura ta fara. Ta buɗe littafinta ta karanta suna, gari, ciwo, rana. Mutum arba'in da ɗaya. Bahauddeen ya yi hamma sau uku don a gani. Mu kuwa muna ta zunguran juna, arba'in da ɗaya ai ba ta kai hamsin da takwas ba.

Sai ya miƙe. Ya yi rabin awa yana bayanin yadda duniya ta koma tafin hannu, da yadda malaminsu na Kano ya ce bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tasa ba.

"Injiniya," in ji Alhaji Maharazu, "mutum nawa?"

"Ranka ya daɗe, ba ni zan faɗa ba. Na'ura ce za ta faɗa."

Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida, ya sauke a kan maɓalli. Zanin gadon ya haska. Da manyan baƙaƙe aka rubuta: Marasa lafiya, 4.

"Huɗu," in ji ciyaman.

"Wataƙila wata lambar ce ta shige bayan lanƙwasar zanin, ranka ya daɗe." Ya je ya ja zanin ya miƙar da shi. Huɗun ta ƙara fitowa raɗau.

"Buɗe mu ga mutum huɗun."

Ya buɗe. Alhaji Maharazu ya saka nasa tabarau, na gaske, ya fara karantawa da muryar da ake karanta sanarwar ɗaurin aure.

"Maigida. Shekara saba'in, bayan tsohuwar rijiya. Harbin kunama. Sukar sa. Saran maciji sau uku. Faɗowa daga kan ɗorawa. Hatsarin babur sau shida. Saran fartanya. Shaƙar maganin feshi, da sauransu. Jimla, ɗauka ashirin da biyu." Ya ɗago. "Wannan bawan Allah yana nan da rai?"

"Ga ni," in ji Malam Sulle, ya miƙe tsaye. "Ni da ban taɓa hawa babur ba sai a baya. Ɗorawa kuwa rabona da ita tun ina saurayi. Yau na san wanda ya sa aka yi mini ta'aziyya."

Aka zaunar da shi. Mutanen Zoza sun fara toshe baki da hannun riga.

"Iyali," ciyaman ya ci gaba. "Shekara sittin da uku, gida ɗaya da na farkon. Targaɗe ɗaya. Haihuwa goma sha ɗaya cikin wata uku, ɗaya tagwaye."

Daga bayan ɗaki muryar Baba Saude ta taso. "Ni ce na haihu goma sha ɗaya? To ina 'ya'yan? Ina ragunan suna? Malam, kana zaune ana faɗa."

"Ni za ki tambaya?" in ji Malam Sulle. "Ni ina can maciji yana sara ta."

Ɗakin ya ɓarke. Wani dagaci ya cire hula yana share hawaye da ita.

"Na uku, Yaron Nan. Shekara huɗu. Zazzaɓi, ƙunar ruwan zafi, haɗiye kwabo." Ciyaman ya matsa kusa da zanin. "Faɗuwa a kan acaɓa yana ɗauke da fasinja biyu."

Wata tsohuwa ta ce daga baya, "Nawa ne wannan, ɗan farina. Shekararsa talatin da biyar, da matansa biyu. An tambaye ni suna na ce yaron nan, da me zan ce?"

"Na huɗu, Badaru. Ciwon ciki, sau ɗaya." Alhaji Maharazu ya dubi jama'a. "Shi wannan yaya aka yi ya sami suna?"

"Gwauro ne, ranka ya daɗe," wani ya amsa. "Shi ya kira da kansa. Ba shi da mai jin kunyar sunansa."

Bahauddeen ya jiƙe sharkaf, shaddar ta manne masa a baya, amma bakin bai mutu ba. "Ranka ya daɗe, a duba ƙasa. Kira hamsin da takwas ne. Na'ura ta tattara su ne don sauƙin fahimta. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi."

"Yarjejeniya mutane ta ce, ba kira ba. Kuma ga shi duk hamsin da takwas ɗin ka shafa musu kore, kowa da sauƙi."

"Su suka ce da sauƙi."

"Injiniya, ka taɓa jin Bahaushen da aka ce masa yaya jiki ya ce babu sauƙi?" Ciyaman ya cire tabarau. "Bisa ga rumbunka, gida ɗaya ne a Tudun Kaya ke cikin masifa, shi ma da sauƙi. Wannan gida ba mota yake buƙata ba, saukar Alƙur'ani yake buƙata."

Malama Barira ta miƙe. Ba ta dubi Bahauddeen ba. Ta ce ta san su duka, ta fara jero su da ka: wance matar wane, ranar kaza, namiji ta haifa, wane ɗan wane, maciji a idon sawu. Ta kai mutum goma sha biyar, masu sunayen suna amsawa daga cikin taro. Zuciyata ta fara dawowa mazauninta.

Sai dagacin Zoza ya yi gyaran murya ya ce a karanta takardar da aka sa wa hannu.

Alhaji Maharazu ya zaro ta daga aljihu. "Malama, ni na yarda da ke, Allah ya sani. Amma ga abin da aka rubuta: ban da na tuna, ban da na gani da idona." Ya juya takardar ga jama'a, ƙatuwar lanƙwasar nan tana kallon kowa. "Ba mutanen Zoza suka kawo sharaɗin nan ba. Mota ta Zoza ce."

Babu wanda ya yi dariya a ɓangarenmu. Tun muna yara nake tsokanar Bahauddeen, amma ban taɓa jin na tsane shi ba sai a wannan minti.

Shi ma ya ga idanun mutanen Tudun Kaya, ya ga gorar Malam Sulle ta fara matsowa. Sai ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu, ya dubi inda tabarma ta fi tsabta, ya ce, "Jiri," ya sulale.

Malama Barira ta kama hannunsa ta ji bugun jini. "Lafiyarsa ƙalau."

"A'a, Malama, kada mu yi ganganci," in ji Malama Kubura, fuskarta ba alamar wasa. "A sa shi a mota. Tunda motar tamu ce, mara lafiyarta Zoza za a kai."

Ƙarti huɗu suka ɗauke shi, Malam Sulle yana biye yana yi masa sannu da ƙarfi a kunne. Ciyaman ya ce ni zan ja, in miƙa makulli a can. Na ja. Tsakanin Unguwar Hajji da Zoza ban kauce wa rami ko ɗaya ba, ina jiyo kansa yana gaisawa da ƙarfen gado, amma bai farfaɗo ba.

A Zoza aka shimfiɗe shi a gadon asibitinsu. Na miƙa wa Sabi'u makulli, na gaya masa giya ta biyu tana son lallashi, kuma kada ya shiga rafin Kargo ta tsakiya, ta gefen hagu ake bi. Ya ce to, bai iya haɗa ido da ni ba. Malama Kubura ta buɗe littafinta ta rubuta lamba arba'in da biyu, Bahauddeen, Tudun Kaya, suma. Sannan ta juya littafin ta baya.

"Malam Lado, Barira ta ce kana da yarinya a Kargo. A nan nake rubuta masu cikin da suka kusa. In watan ya kama, mai ba ya yankewa a tanki, kira na shigowa babu tambaya sai tafiya. Ba zan yi maka ƙarya ba, da nisa. Amma ba ni sunanta."

Na tsaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan tun ranar da liman ya raɗa sunan, bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce.

"Yarinyar nan ce dai, ta wajena, babbar."

"Na sani. Littafina ba ya karɓar yarinyar nan."

Sai murya ta taso daga kan gado, ido a rufe gam. "Mubina. Mubina Lado. Rubuta, ni na sani."

Mubina ƙanwarta ce, tana aji biyu a sakandare. Biron Malama Kubura har ya sauka a kan takarda.

"Nuriyya," na ce. "Nuriyya sunanta. Gida na uku in an haye rafi, mai ƙofar langa-langa. Wata takwas."

Ta rubuta. Na sunkuya ina bin biron da ido har ta ɗiga aya, na sa ta karanta mini, na ji daidai ne.

Ina fita Bahauddeen ya buɗe ido ɗaya. "Lado, ba za ka jira ni ba?"

"Kai a sume kake."

Na tsayar da ɗan acaɓa na ce masa Kargo. Akwai maganar da na yi wa surukina da zan je in janye, kuma hadari ya fara haɗowa ta gabas.